An Ajiye Ni Ina Gadin Titin da Mota Ba Ta Bi

Zuwa ga Mai Girma Kansila,
Shugabar Kwamitin Gyaran Unguwa da Makarantu ta ƙaramar hukumarmu.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyalinki da ma'aikatan ofishinki, har da na'urar nan da take amsa saƙonni a madadinku. Ba zan manta da ita a gaisuwa ba, domin ita kaɗai ce ta taɓa kula ni. Sau uku na rubuto muku da Turanci, sau uku tana gaya mini cewa saƙona yana da muhimmanci ƙwarai a wurinku. Shi ya sa wannan karon na rubuta da Hausa, na kuma baza ta a fili kowa ya gani. Ko ba komai dole ku nemo mai fassara, kin ga aƙalla ɗan Adam guda ya karanta ke nan.

Sunana Haruna Awudu. A zangon Kumasi aka haife ni, amma na haura shekara talatin a Manchester. Shekara ashirin da biyu na yi ina tuƙa bas a kan Stockport Road, ina bi ta Ardwick da Longsight safe da yamma, har bayana ya ce ya gaji. Da na yi ritaya na zauna a gida wata huɗu ina gyara wa matata Memuna yadda ake jera tukwane, sai ta ce in ban sami abin yi ba, ɗaya daga cikinmu zai bar gidan, kuma ba ita ba ce. Haka na zama mai tsallakar da 'yan makaranta titi a ƙarƙashin hukumarku. Aka ba ni doguwar riga ruwan ɗorawa mai sheƙi, da hula, da sandar nan mai faifai a kai da Turawa ke kira lollipop. Shekarata shida a kan aikin, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, kuma alhamdu lillahi ko ɗan yatsan yaro bai taɓa gurjewa a hannuna ba.

Don wanda bai san unguwarmu ba: da can makarantun firamare biyu gare mu. Akwai ta tudu, wadda galibin yaranta 'ya'yan Turawa ne, akwai kuma ta gangare, wadda ta cika da namu, 'yan Gana da Najeriya da Somaliya da Pakistan. Titin kasuwa ne ya ratsa tsakaninsu, kuma a nan wurin tsayuwata yake, daidai gaban shagon mahaucinmu, Malam Iƙbal. Bara kwamitinki ya yanke shawara biyu. Ta farko a haɗe makarantun a ginin ta tudu don yara su tashi tare. Ta biyu a rufe titin kasuwa, kada mota ta ƙara bi, a ƙawata shi don masu sayayya. Ina so ki sani tun yanzu cewa duka biyun na goyi baya, har gobe kuma ina goyon baya. Ƙorafina a kan abin da ya faɗo tsakaninsu ne.

Na farko, maganar taron jin ra'ayi. Na halarta, na ma sa babbar riga. Wani matashi daga kamfanin da kuka ɗauko ya haska mana hoton yadda titin zai koma: rana ta take, itatuwa sun yi kore, kowa yana murmushi da kofi a hannu. Na ɗaga hannu na ce ina da tambaya ɗaya tak, motocin da ke bin titin nan ina za su koma? Ya ce idan aka rufe titi, motoci sukan ragu da kansu, kamar yadda ruwa ke bushewa a ƙasa. Na ce masa, "Ɗana, shekara talatin nake garin nan, ban taɓa ganin ruwa ya bushe ba, balle mota." Aka yi dariya, aka miƙo mini 'yar takarda mai gam aka ce in rubuta damuwata in manna a bango. Na rubuta, na manna. Kafin a gama rabon biskit ta faɗo ƙasa, da idona na ga ta liƙe a tafin takalmin wani yana fita da ita.

Na biyu, motocin ba su bushe ba. Sun kwarara gaba ɗaya zuwa titin baya, siririn layin nan da ake gina sababbin gidaje masu hawa-hawa a gefensa. Kuma tun da aka mayar da ƙofar makaranta can, duk yaron da ya taso daga gangare dole ta nan zai tsallaka. Wato motoci sun koma titin baya, yara sun koma titin baya, manyan motocin masu gini suna titin baya. Abu ɗaya kaɗai aka bari a titin kasuwa, shi ne ni.

Ranki ya daɗe, wata bakwai ke nan kullum ƙarfe takwas nake isowa cikin cikakkun kayan aiki, in tsaya a kan bulo masu launi, tsakanin tukwanen fure biyu na siminti, in riƙe sandata ina jiran mota. Na tsallakar da tattabaru. Na tsayar da wani mai kai abinci a keke, ya tambaye ni laifinsa, na ce babu, hannuna ne ya yi kewar aiki. Akwai wata tsohuwa mai tausayi da takan tsaya a bakin inda titi yake a da, ta jira in ɗaga sanda in raka ta taku shida, ta ce na gode, alhali ni da ita mun san babu abin da na kare ta daga gare shi. Malam Iƙbal ya fito mini da kujera, na ce doka ba ta yarda in zauna a bakin aiki ba. Ya ce, "Wane aikin?" Sai na kama gyaran hula.

Na uku, hoton nan. Ofishinki ya turo mai ɗaukar hoto, ya jera yara bakwai a gabana, kowane da launin fatarsa, aka ce in ɗaga sanda in yi murmushi. Ban san yaro ko ɗaya a cikinsu ba, ni da na san sunan kowane yaro a unguwar har da na ƙannensa. Hoton ya fito a takardar da kuka zuba a kowane gida. 'Yata Rabi, wadda take aikin jinya a Birmingham, tana zaune a Aston, wani ya tura mata ta waya, sai ga kiranta. Ta ce, "Baba, ka yi kyau wallahi. Amma wa kake tsayarwa? Na duba hoton sama da ƙasa, ban ga ko taya ba." Daga nan ta ce in ajiye sandar in taho Aston in riƙa kai jikokina makaranta, tunda su aƙalla akwai mota a hanyarsu. Na yi dariya a waya, amma da na ajiye ta na daɗe a zaune. Ba daɗi mutum ya kai shekaruna a mayar da shi kayan ado.

Na huɗu, kuma a nan ba wasa nake ba. Wata safiyar Alhamis ana yayyafi, ina tsaye a wurina na ji ƙarar birki daga titin baya. Wanda ya tuƙa babbar mota ya san bambancin birkin ganin dama da birkin firgita. Na manta da ciwon baya, na ruga da sanda a hannu. Na tarar da motar kwaɓa siminti ta tsaya a karkace, yara mata biyu suna tsaye a gabanta riƙe da hannun juna, tsakaninsu da ƙarfen motar bai fi kamu ɗaya ba. Jakar ɗayarsu tana ƙarƙashin taya. Direban ya sauko, ni na zaunar da shi a bakin titi.

Yaran su ne Grace, 'yar Madam Ladi, mutuniyar Kafanchan da ke zaune a gangare, da kuma Emily, jikar wata Baturiya mai suna Doreen daga tudu. Emily ba ta da dalilin tsallaka titin nan, gidansu yana ɓangaren makaranta. Ta gangaro ne kawai don ta ɗauko ƙawarta su tafi tare. Shekararsu takwas-takwas. Abin da kwamitinki yake fata ke nan, kuma ya samu, saura kaɗan ya zama sanadin makoki a gida biyu.

Tun daga washegari na koma titin baya da kaina. Kwana biyar na yi a can, motoci suna tsayawa, yara suna wucewa lafiya, ni ma na tuna cewa ina da amfani. A rana ta shida wasiƙa ta zo daga ofishinku, karo na farko da aka rubuto mini da sunana daidai. Takardar gargaɗi ce, wai na bar wurin aikina ba da izini ba. Shugabana Mista Colin, mutumin kirki ne, ya zo har gida ya ce, "Haruna, na san kai ne da gaskiya, amma a kwamfuta kana gaban shagon mahauci, inshora ma can ta san ka." Ya ce kafin a mayar da ni sai an turo masu ƙidaya sun ga ko yara suna tsallakawa a wurin da yawa. An turo su kuwa, mutum biyu da allunan rubutu. Sun zo a makon hutun rabin zango. Suka wuni a tsaye, suka rubuta cewa ba su ga buƙata ba.

Na biyar, a nan sai in taya ki murna. Lokacin da aka haɗe makarantun, yara ba su yi mako guda ba suka cakuɗe, amma iyaye suka ƙi. A bakin ƙofa mutanen tudu suna dama da karnukansu, mu muna hagu da kekunan jarirai, ana yi wa juna murmushin da ba ya wuce leɓe. Kun shirya mana ranar cin abincin juna, Memuna ta dafa shinkafa da wake irin namu na Kumasi da shito, soyayyen yajin nan namu na Gana, aka cinye har ƙanzo, wani Bature ya yi hawaye don yaji ya kuma ƙara, sannan ranar Litinin kowa ya koma ɓangarensa.

Amma ranar da labarin takardar gargaɗina ya bazu, Doreen ta tsallako daga dama zuwa hagu, ta tsaya gaban Madam Ladi, ta ce suna da magana. Yanzu haka iyaye sun raba kwanaki a tsakaninsu, kullum mutum uku suna tsayawa a titin baya da laimomi suna tare motoci. Akwai wani direban tasi ɗan Somaliya, akwai wata kaka 'yar Pakistan da ba ta jin Turanci amma hararta kaɗai tana tsayar da tifa. Madam Ladi ta koya wa Doreen Hausa kalma uku, sai ki ga tsohuwa 'yar shekara saba'in ta ɗaga laima tana cewa, "Kai, direba, tsaya!" Duk Asabar suna haɗuwa a falon Doreen, ana shan shayi da ƙosai, Musulmi da Kirista da wanda bai san hanyar ko ɗaya ba. Haɗin kan da kuka nema ya tabbata. Sai dai gaskiya ta sa in gaya miki, abin da ya haɗa su fushi ne da kwamitinki, kuma sunanki yana yawan fitowa a zaman.

Amma laima ba doka ba ce. Direba yana iya wuce ta ba abin da zai same shi, wasu ma suna wucewa. Sandata ce doka ta ce dole a tsaya mata. Kuma mutanen nan suna da aikin yi. Madam Ladi tana kula da tsofaffi a gidajensu, sau biyu ke nan ana ja mata kunne kan makara. Ba za su iya ɗorewa ba, sanyi kuma yana tafe, lokacin da yara ke fita gari bai gama wayewa ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku da girmamawa. A mayar da wurin aikina titin baya, a kwamfuta da kuma a ƙasa. A zana wurin tsallakawa na dindindin a can, da fitila, domin ni ba zan dawwama ba. A kuma janye takardar gargaɗin nan daga fayil ɗina, don ban taɓa barin aiki ba, aikin ne ya tashi ya bar ni, na bi shi. In da hali ki zo da kanki ki gani, ranar da ake makaranta, ƙarfe takwas da kwata. Minti goma ya ishe ki.

Ba na son in yi abu a ɓoye, don haka ina sanar da ke cewa daga Litinin mai zuwa a titin baya za a same ni, ko amsa ta zo ko ba ta zo ba. In hukuncinku kora ne, zan wanke rigar in goge ta, in dawo muku da ita tare da hula da sanda, babu rigima. Washegari kuma zan fito da tawa laimar. Na riga na yi wa Doreen magana, ta ce akwai gurbi ranar Talata da Juma'a, na ce ta rubuta ni a duka biyar.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya yi riƙo da hannunki a wannan aiki mai nauyi. Allah ya raya miki zuri'a, kuma duk titin da 'ya'yanki za su tsallaka a duniya, Allah ya sa su tarar da wani a tsaye yana jiran su.

Wassalam.

Naki mai biyayya,
Haruna Awudu,
Mai tsallakar da 'yan makaranta, Manchester.