Muryata Mai Gangara

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma abokiyar aikina Doguwa ta katse ni wajen miƙa aikin safe a ɗakin marasa lafiya. Ina bayanin tsohon da ke gado na huɗu da Turanci, na tsaya jan numfashi kawai, sai ta shigo da nata. Karo na uku ke nan. Ƙarshen wata Babbar Nas za ta rubuta ko a tabbatar da ni a aikin ko a sallame ni. Doguwa kuwa tana da ƙanwa mai neman gurbi. Biri dai ya yi kama da mutum.

Laraba, 5 ga Maris
Ban kai ga faɗin cewa allurar jiya ba ta karɓi tsohon ba, Doguwa ta sake tsinke ni. Allah Ya sa na cim ma likita a bakin ƙofa, na faɗa masa. Babbar Nas ta ce bayanina guntu-guntu ne. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Alhamis, 6 ga Maris
Na tare Doguwa a ɗakin canza kaya. Wai ita ta ɗauka na gama ne. Wai a Turanci in ka sauke murya ka ba da fili ke nan, in da saura sai ka riƙe ta a sama. "Taki kuwa, 'yar'uwa, a kowace gaɓa faɗuwa take yi." Har da dafa min kafaɗa. Daɗin baki!

Asabar, 8 ga Maris
Na naɗi muryata a waya na kunna wa Yaya. Ta yi dariya har da hawaye. "Ke ai Hausa kike yi da kalmomin Bature. Kin taso daga tudu kin gangara kwari, wa zai san da saura?" Ita ma ban yarda da ita ba. Bayan ta tafi na sake saurara sau biyar.

Lahadi, 9 ga Maris
Na yini a gida ina gwaji, ina miƙa wa tukwane aiki, murya a sama kamar mai tambayar hanya.

Talata, 11 ga Maris
Na riƙe muryata a sama. Gado na ɗaya, na biyu, har na shida. Na ga bakin Doguwa ya buɗe, ya rufe. Sai da na sauke sannan ta karɓa. Babbar Nas ta rubuta wani abu, ban hango ba.

Wataƙila tsoro kawai Doguwa ta ji. Ina nan ina lura da ita.

Tana tsakiyar nata bayanin, muryarta na sama, likita ya katse ta. Sai na ji bakina ya ce, "Ba ta gama ba, likita."