Labulen da ya sauya launi

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baban yara da ƴaƴana. Mu ma nan lafiya lau. Umma ƙafarta ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kowa.

Yaya, ranar Talatar da ta wuce ce komai ya juye mini. Kin san sati shida ke nan da aka cire mini yanar idon hagu, aka dasa ɗan gilashin nan a ciki. Ranar ce likita ya yarda in koma sa kwalli. Ina gaban madubi, na rufe idon dama, sai na hango labulen ɗakina ta cikin madubin. Shuɗin labulen nan da muka zaɓa tare da ke, wanda na ce miki kamar sararin sama bayan ruwa ya ɗauke. Da idon da aka yi wa aiki sai na gan shi ya ɗan dusashe, kamar an wanke shi sau ɗari. Na buɗe dama na rufe hagu, shuɗina ya dawo. Na fi minti goma ina kanne ido ɗaya bayan ɗaya kamar wadda ta zautu.

Na ɗauko littafin da nake karantawa. Da idon dama takardar fara ce tas, da hagu kamar an ɗiga mata shayi. Da rana bambancin kaɗan ne, amma da yamma in haske ya ragu, baƙin mayafina da shuɗin nan mai duhu sai su zama ɗaya a cikin durowa.

Da maigidana Injiniya ya dawo daga gyaran firij na gaya masa. Ya yi dariya, ya ce littattafan soyayyar nan sun cinye mini kai, wai yanzu har labule ma ya shiga cikin masu cin amanata. Amma na lura bai kalle ni ba, yana ta goge hannunsa da tsumma, alhali hannun ba komai.

Washegari ina wanki na tsinci katin aikin idona a aljihun rigarsa. Ban gane rubutun ba, sai na kai wa mai kemis ɗin layinmu. Shi ya bayyana mini cewa gilashin iri biyu ne: akwai garai-garai, akwai mai ɗan rawaya da ke tace shuɗin haske. Nawa mai rawayar ne. A ƙasan takardar da ke naɗe da katin kuwa, sa hannun mijina ne. Yaya, ba wanda ya ce mini akwai zaɓi. Ranar aikin ina zaune a benci an ɗiga mini magani, shi da ma'aikatan asibitin kuma suna ciki suna yanke yadda zan ga duniya.

Da na tsare shi ya amsa. Wai matar da ke karɓar kati ce ta ce masa mai rawayar ya fi dacewa da mai yawan kallon waya, shi kuma ya san yadda nake kwashe wuni ina karatu a ciki, ya so ya kare mini ido. Wataƙila gaskiyarsa ke nan. To me ya sa ya ɓoye katin sati shida?

Na koma wurin likita ni kaɗai. Ya ce yawancin mutane ba sa ganin wani bambanci, waɗanda suka gani ma kan saba. Ya ƙara da cewa gara a cire wa idon dama tasa yanar, a sa masa irinsa don su daidaita. Yana magana yana duba agogo. Na tambaye shi, in an daidaita su, da wane ido zan ƙara sanin ainihin launin labulena? Ya yi murmushi, ya ce in zo ranar Alhamis da safe a yi aikin.

Na san za ki ce na fiye zargi. Amma ido ɗaya ya rage mini da ke ganin abu yadda na san shi, kuma yanarsa ba ta kai ta hana ni karatu ba tukuna.

Ki gaishe mini da Baban yara, da babbar ɗiyata, da auta mai ƙiriniya, da Gwaggo in kin leƙa ta. Umma tana gaishe ku.

Ɗazu na kira asibitin na ce su cire sunana daga aikin Alhamis. Ba za a taɓa idon dama ba sai na ga wani likitan, ya ajiye gilasan biyu a gabana, na zaɓa da kaina. Injiniya bai sani ba tukuna. In ya shigo zan gaya masa.

Taki ƙanwar,
Ƴar Lelen Umma