Wutar gidanmu da dutsen alwalar Inna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku ce na cika tsoro, don a gida ma abin da ake ce mini ke nan.

Ni 'yar Birnin Kudu ce, aure ya kai ni Gwaram. Gidanmu na gado yana cikin gidajen farko da suka ja wuta a unguwarmu, zamanin da kuɗin man fetur suka shigo, muna jihar Kano. Ina ƙarama lokacin, amma ina tuna yadda maƙwabta suke shigowa kallon ƙwan fitila. Baba, Allah ya jiƙansa, ya ce shi ba za a rataya masa wayoyi a tsakar gida kamar igiyar shanya ba, sai ya sa aka tona ƙasa aka binne wayar tun daga zaure har ɗakunan ciki, ba bututu ba komai. Daga baya ya kawo wani faffaɗan dutse ya ajiye a tsakar gidan, a kansa yake alwala har ya rasu. Yanzu Inna, mahaifiyarmu, ita ta gaji dutsen, ba ta alwala ko'ina sai nan.

Bara aka canza mana mita, mai haɗawa ya cire tsohon fiyus ya sa bireka, irin wadda take yanke wuta da kanta idan ta ji matsala. Tun daga nan wutar gidan ta fara ɗaukewa alhali maƙwabta suna da ita. A ɗaga bireka ta dawo, an jima ta sake faɗuwa. Aka zargi dutsen guga, aka daina guga. Aka zargi firizojin yayana, Yaya Sale, da yake sayar da ƙanƙara a ɗakin baya, aka kashe su yini guda, duk da haka ta faɗi. Matar Yaya ce ta fara lura cewa ba ta faɗuwa sai dab da salla. Maimakon hankalin mutane ya tashi sai abin ya zama abin alfahari, har Inna tana gaya wa baƙi wai wutar gidanta ma ta san lokacin salla.

Ni dai raina bai kwanta ba. Da na je gida na tafi da Malam Iro, abokin maigidana, mai gyaran wuta ne. Ya zare komai daga soket, ya kashe layukan ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe makunnai yana neman inda ya ƙone, bai ga komai ba. Muna nan azahar ta yi, Inna ta ɗauki buta ta hau dutse, ba ta kai ga wanke ƙafa ba muka ji ƙas daga zaure. Malam Iro ya dube ni. Da ta shiga ɗaki ya ɗaga birekar, ya tsaya daga nesa ya watsa ruwa a gindin dutsen, nan take ta sake faɗuwa. Ya ce birekar lafiyarta ƙalau, aikinta take yi. Robar wayar Baba ce ta ruɓe a ƙasa, duk sanda ruwa ya sauka wuta take yoyo, kuma birekar nan ita ce kawai tsakanin Inna da abin da ba ma fata. Ya ce a kashe layin ƙasa gaba ɗaya a ja sabo ta jikin bango.

Yaya ya ce to, amma sai bayan zafi, don yanzu ne kasuwar ƙanƙara, ba zai kashe firiza ana aikin waya ba. Na ce ran Inna fa, ya ce wayar da ta yi shekara da shekaru ba ta kashe kowa ba ba za ta fara yanzu ba, kuma wadda take gidan miji ba ita za ta tsara masa gida ba. Na yi kuka, na koma Gwaram da baƙin ciki.

Makon jiya na kira matar Yaya, take ce mini ai matsala ta ƙare, wuta ta daina ɗaukewa. Na yi hamdala, na zaci an ja sabuwar waya. Ashe Yaya ne ya samo wani ya tsallake birekar ya haɗa wutar kai tsaye.

Washegari na hau mota. Na tarar da Inna tsaye a kan dutsen ba takalmi, ƙasa a jiƙe, fuskarta cike da murna. Ta ce mini ciwon ƙafar da ya hana ta sakat ya yi sauƙi, wai kwanan nan idan ta tsaya a nan tana jin wani abu yana yi mata yawo daga tafin ƙafa har gwiwa, kamar ana mata tausa. Ta ce albarkar wurin alwalar Malam ce, haka take kiran Baba. Na taɓa gefen dutsen da bayan hannu, wallahi sai da ya fizge ni.

Na durƙusa na yi mata bayani, na ce wuta ce. Ta ce ita ta san wuta tun kafin in san hannun damana, wuta ba ta tausa. Na roƙe ta ko takalmin roba ta riƙa sawa, ta ce da takalmi ba ta jin komai. Da na ambaci kashe wayar sai ta ɓata rai, ta ce abin da Malam ya binne da hannunsa duk wanda ya taɓa ba ta yafe ba. Ban taɓa jin wannan kalmar daga bakinta ba. Har ta gaya wa ƙawayenta masu ciwon gwiwa, biyu sun riga sun zo sun gwada, sun ce za su dawo ranar Juma'a da wata.

Maigidana ya ce in kai rahoto wurin masu wuta su yanke gidan daga kan fol. Idan na yi haka na tona wa Yaya asiri kan haɗin da ya yi, kuma na san zumuncinmu ya ƙare. Malam Iro ya ce zai iya zuwa ya kashe layin idan Yaya ya fita, amma Inna tana gida kullum, za ta san ni ce. Kawunmu da take jin maganarsa yana Fagam ba lafiya.

Yau Laraba. Tun safe hadari yake haɗuwa ta gabas, kuma Malam Iro ya ce abin da buta ɗaya take yi ba komai ba ne a kan ruwan farko idan ya cika tsakar gida, jikokin Inna kuma a cikinsa suke wasa. Ni na fi son Inna ta yi fushi da ni tana raye, amma kalmar nan tata ta tsaya mini a rai. Don Allah wanda ya san yadda ake saɓa wa uwa don a cece ta ya gaya mini, in yanke wutar ko in ci gaba da roƙo?