Na wanke tutar da ta je wata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Alhamis, don bayan ta ba ta da amfani.

Ni direba ne a gidan wani dattijo Balarabe a Zahir, nan Makka, igamata ma, wato takardar izinin zamana, a hannunsa take. Wanda ya samo min aikin Baba Sule ne, Bahaushe haifaffen unguwar Misfala, a hidimar gidan ya tsufa. Maigidan yana tara kayan da 'yan sama jannati suka tafi da su duniyar wata a tafiye-tafiyen farko, ɗaki guda ya ware musu, suna cikin akwatunan gilashi, kuma Baba Sule kaɗai ke riƙe makullin.

Watan jiya ƙafar Baba ta kumbura, sai ya ba ni makullin a ɓoye, ya ce, "Ɗana, ƙasa kawai za ka share, numfashinka ma kada ya taɓa gilashin." A cikin kayan akwai wata 'yar tutar Saudiyya, ba ta fi tafin hannu ba, ta koɗe, ga tabo a kan kalmar shahada. Raina ya ƙi. Na ce sunan Allah cikin datti, a Makka kuma? Na buɗe gilashin, na wanke ta da zamzam, na shafa mata turare, wallahi lada nake nema. Da ta bushe sai na ga rubutun bokon da ke gefenta ya goge. Ashe sa hannun mutumin da ya je da ita ne, shi ne shaidar cewa ta je watan.

Nan laifina na gaske ya fara. Maimakon in faɗa, sai na duba hoton da na taɓa ɗaukar ta a waya, na sayo baƙin biro, na kwaikwayi rubutun, na mayar da ita na rufe.

Shekaranjiya ina tuƙa maigidan na ji yana waya, wai wani Bature masanin irin kayan zai sauka Jidda ranar Alhamis, tunda ba Musulmi ba ne ba zai shigo Makka ba, can za a kai masa kayan ya tantance. Yana da wata fitila da ke bambanta tsohuwar tawada da sabuwa. Ni zan kai kayan da hannuna. Da ya ajiye wayar ya ce idan aka sami jabu bai da wahalar bincike, makulli ɗaya ne.

Jiya Baba ya shiga ɗakin, ya fito ya tambaye ni wa ya kai turare wajen. Na ce ban sani ba, har na rantse, Allah ya yafe min. Ya daɗe yana kallona, kuma tun daga nan bai sake sa hannu a kwano ɗaya da ni ba.

In na yi shiru, cewa za a yi Baba ne ya sayar da ta gaskiyar ya sa jabu, tsohon da bai taɓa ɗaukar ko allura ba. In na faɗa, igamata ta tafi, wataƙila har da 'yan sanda, kuma na tona cewa ya ba ni makullin. 'Yan uwa, wa zan fara durƙusa wa, Baba ko maigidan? Ko kuwa in ɗauki kayan in kai Jidda, in tsaya ina kallo a kunna fitilar?