Abin da na gano ya mutu, jarrabawa kuma saura sati uku

Anti Damaris, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ina digiri na biyu a ilimin kwamfuta. Aikina a kan wani allo ne a cikin kwamfuta mai gida-gida kamar na dara, kowane gida yana kunnuwa ko ya mutu gwargwadon halin maƙwabtansa. Na rubuta manhajar da ke kiwon dokokin allon: ta zaɓi masu kyau, ta haɗa su su haifi sababbi, ta zubar da sauran. Burina in samu gidajen da suka kunnu su haɗa siffar da za ta yi tafiya ba ta wargaje ba. Shekara biyu ina ganin tarkace. A watan Maris sai ga wata 'yar siffa tana rarrafe zuwa dama. Na yi kuka. Na sa mata sunan marigayi babana, Jethro. Malamina Dokta Yahaya ya nuna wa kowa a sashenmu. Mamata, wadda har yau take cewa wasan yara nake yi, ta tashi a Zumuntar Mata ta ba da shaida, har an sa ranar godiya a cocinmu na Narayi.

Makon jiya na gano kuskure na yi. Ya kamata gidajen su sauya lokaci guda, ni kuwa na bar su suna sauyawa ɗaya bayan ɗaya daga hagu. Abin da ke tura ta ke nan. Da na gyara, a taku na tara siffar ta watse. Babu wanda ya sani sai ni. Abinci ma ba ya shiga. In yi shiru?

Mai baƙin ciki, Narayi

Ƙanwata, sannu. Ban san kan allon nan naki ba, amma na san nauyin da kika ɗauka.

Gaskiya ne, mai yiwuwa masu jarraba ki ba za su lura ba, kuma idan kika yi magana kina iya ƙara shekara guda. Ba zan ce miki da sauƙi ba. Sai dai zuwa yanzu kuskure kika yi, kuma kowane mai bincike yana yi. Ranar da kika tsaya gaban malamai kika kare abin da kika san ba haka yake ba, ya zama ƙarya, kuma da sunan mahaifinki a kai.

Ki je wurin Dokta Yahaya gobe da manhajojin biyu, ta dā da gyararriya. Ki tambaye shi ko yadda kiwon ya bi ta ɓarakar kuskurenki ya isa abin rubutawa. Shi zai sani, ni ban yi miki alkawari ba.

Mama kuwa, ki zaunar da ita a gida ki faɗa mata da bakinki, kafin ta ji a bakin coci. Za ta ji kunyar mata 'yan uwanta, wataƙila ta yi kwanaki ba ta kula ki ba. Ki daure, ki ci abinci. Allah ya ba ki ƙarfin buga ƙofar ofishin nan.