Faifan Gaba Na Ce Maka, Ba Na Baya Ba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga yayanka. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ƙalau, kai da mai ɗakinka da yara, Ya tsare ku a can inda kuke. Mu nan muna yadda Allah Ya ajiye mu. 'Yata, ɗiyarka mai ɗinki, ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa, na kuma ja mata kunne kada ta tausasa mini ko kalma ɗaya, don na san halinta, tana gyara magana kamar wuyan riga.

Akwai abin da ya daɗe yana cin raina, yau sai na amayar da shi. Tun ranar da ka iya karatu, maganata ta daina nauyi a wurinka. Shekara talatin da ɗaya na yi a bayan sitiyari, ko akuyar wani ban taɓa takawa ba, amma in na faɗi abu a kan mota sai ka nemi wani mai takarda ya tabbatar maka tukuna. 'Ya'yana ma sun koya a wurinka. Na haɗiye wannan duk tsawon shekarun nan. Yanzu abin ya wuce zuciyata, ya kai ga ran yayarka, uwar 'ya'yana.

Ka san sau biyu a mako ake kai ta asibiti wankin ƙoda, Litinin da Alhamis. Ka san gangaren da ke ƙasan gidanmu, ka san yadda ruwa ya cinye hanyar har ƙananan motoci suka daina hawowa. Motar da ka aiko mana mai jan ƙafa huɗu ita kaɗai ke iya saukar da ita ta dawo da ita, kuma ban manta da wannan alheri ba, kada ka ce na manta. Tunda idona ya yi rauni, babban ɗana Dogo ke tuƙawa, ni ina gefe. Wata uku ke nan duk sa'ad da ya taka birki a gangaren, sitiyari na rawa a hannunsa, ni kuma ina jin karkarwar har cikin haƙorana. Na sa aka kira ka, na ce maka da bakina faifan birki na gaba sun gama aiki, irinsu kuma mai sayar da kayan mota ya zagaye kasuwa bai samu ba. Ka ce to, to, Yaya, kana sauri kamar kullum.

Kwali ya iso, na buɗe da hannuna, sai ga faifai biyu na baya. Auta, ko makaho ya shafa ya san bambancinsu. Na gaba mai kauri ne, ruɓi biyu, da ƙofofin shan iska a tsakiya, domin in mota ta dunguma gangare duk nauyinta kan ƙafafun gaba yake komawa, su ke shan wutar. Na baya kuwa siriri ne, da kwano a cikinsa inda birkin hannu ke kamawa. Namu na baya lafiyarsu lau, ba wanda ya yi kuka da su. Amma Dogo ya kai wa bakanike ya ɗaura sababbin a baya, ya dawo yana kaɗa makulli yana cewa Baffa ya aiko da sabon birki, magana ta ƙare. Na ce masa ƙafar dama ke ciwo an ɗaure ta hagu. Ya ce ya tambaye ka a waya, ka ce faifai ai faifai ne, tsufa ne ke sa ni mita.

Bari in gaya maka yadda na sani, ko da yake ba a takarda na gani ba. Maigidana da ya koya mini tuƙi ya ba ni wani guntun ƙarfe mai tsaga a baki, yana nan a zoben makullina har yau. Da wannan mota ta zo na kai shi wurin mai injin ƙarfe ya daidaita tsagar da kaurin da faifan gaba bai kamata ya gaza ba. In faifai ya ƙi shiga tsagar, da sauran ransa. In ya shige, a jefar. Sau biyu ana kankare namu a inji don su yi sumul, kowace kankara kuma cin naman faifai take yi. Ranar Talata na sa aka cire taya, na kara ƙarfen, ya shige har yana lilo. Na bi na hagu da farce, sai farcen ya maƙale a wani tsagu siriri kamar gashi, daga gefe ya nufi tsakiya. Na nuna wa Dogo, ya ce ƙarzuwa ce. Na nuna wa bakanike, ya sosa ƙeya ya ce zai ɗan ƙara kai mu. Na tambaye shi kai mu ina, sai ya hau mayar da taya.

Shi ne na yi abin da ya sa gidan nan kowa ya ɗauke mini wuta. Da Dogo ya fita, na ɗauko jak da sifana, na kwance faifan gaban duka biyu da wannan hannun nawa, na kulle su a akwatina, na bar motar a kan duwatsu. Makullin akwatin yana wuyana. Dogo ya ce na haukace, ya ce in uwarsa ta mutu ni na kashe ta. Ɗan da na haifa, a tsakar gidana, gaban matarsa.

Ranar Alhamis a bayan a-kori-kurar maƙwabci muka kwantar da ita a kan katifa. Kowane rami sai ta runtse ido ta damƙe hannuna. Da muka dawo kwana ta yi ba ta iya juyawa, maƙwabcin kuma ya ce motarsa ba za ta sake hawa wannan hanya ba. Ƙafafunta sun fara kumbura. Ita ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, a hankali, in na tabbata to in riƙe makullin, ita ta yarda da ni. Auta, in na mayar da faifan nan na ɗora ta a gangare da tsagu a ƙarƙashinta. In na hana, ba wanki. Ka gaya mini wanne mutum zai zaɓa wa matar da ta yi shekara talatin da ɗaya tana jiran dawowarsa daga hanya.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, da takwarana, da 'yan biyu. Yayarka na gaishe ka daga kwance, mai ɗinki ma ta ce a saka tata gaisuwar, tana rubutu tana share hawaye.

Ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake ba. Ka aiko da faifan gaba guda biyu, masu kauri, masu ƙofofin iska, ta hanyar da ta fi kowace sauri. Na zana girmansu a bayan takardar nan, na kifa faifan na bi gefensa da biro, tunda zane ba ya bukatar makaranta. Ka nemo mana motar da za ta iya hawowa kafin su iso, kai ka san mutane, ni nawa duk sun mutu ko sun ajiye tuƙi. Sannan ka kira Dogo ka ce masa ubansa ya yi gaskiya, don daga bakinka kaɗai zai ji. Ni kuma ka kira ni, ni da kaina, ba ta bakin kowa ba, ka saurare ni har in kai aya. Litinin tana tafe. Sau ɗaya a rayuwarka, Auta, ka amsa mini.

Yayanka,
Tsohon Direba