Ƙorafi kan Inuwar 'Yan Ƙwallo da Kwamfutata da Ke Tsare

Zakariyya Sufyanu Badarawa,
Shagon Wasan Kwamfuta,
Bayan Tashar Shinkafi,
Kaura Namoda.
Laraba, 6 ga Muharram 1423 (20 ga Maris, 2002).

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Duba Shagunan Wasa da Kallo,
Shiyyar Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi.

Ranka shi daɗe,

GAME DA: KWAMFUTATA DA JAMI'INKU YA ƊAUKE, DA HALIN DA TAKE CIKI

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da fatan Allah shi ƙara wa shugaba lafiya. Jiya gab da la'asar na tsaya bakin tagar ofishinku ina roƙon jami'inku Malam Jibrin ya kashe inuwa, ya amsa mini, ba tare da ya waiwayo ba, cewa ba a taɓa kayan shaida. Wannan amsa ce ta sa na ɗauki biro. Ina roƙon a yi haƙuri da ni in faro daga tushe.

1. Ni saurayi ne mai shago ɗaya da kwamfuta ɗaya, ta hannu, wadda matasa ke buga wasan ƙwallo a cikinta. Tsohuwa ce, katin hotonta ma, wato abin da ke zana hoton a allo, ya fi ta tsufa. A kusurwar allonta akwai wata 'yar lamba mai nuna hoto nawa take zubowa a cikin sakan guda. In ta kai talatin, ɗan wasa yana gudu kamar mutum. In ta faɗo goma, sai ka gan shi nan, ka ƙifta ido ka gan shi can, ƙwallo kuma ta shiga raga ba wanda ya ga hanyar da ta bi. Don in kai ta talatin na sadaukar da abubuwa da yawa. Na ƙanƙanta hoton, na aske ciyawar fili ta koma kore zalla, na kori 'yan kallo, na hana ruwan sama. Abin da ya fi cin ƙarfinta kuwa shi ne inuwar 'yan wasa, don haka na kashe ta tun ranar farko. Sannan na cire murfin gefen akwatin na kafa mata fankar tebur, saboda 'yar fankar da ke jikin katin ta mutu tun kafin ta zo hannuna.

2. A ranar Litinin, 4 ga Fabrairu, malamin kwamitinku, Allah gafarta Malam Sirajo, ya zo ya duba shagon. Ya bayyana cewa malamai sun bambanta sura mai inuwa da zane marar inuwa. Ya leƙa allon, ya yi murmushi, ya ce ai waɗannan ko inuwar ma ba su da ita. Aka ba ni izini da sharaɗin rufewa lokutan salla, ban da caca, ban da abu mai inuwa. Na yi farin ciki ƙwarai ganin abin da kwamiti ke so shi ne abin da katin hotona ke so.

3. Nan zan ambaci wani al'amari da ba a saba sa shi a takardar hukuma ba. Ina neman wata yarinya a Zurmi, Naja'atu. Ba zan siffanta ta ba, ranka shi daɗe, don takardar ba za ta ɗauka ba, kuma na karanta littattafai da dama ban ga wanda ya isa ba. A ranar Asabar, 9 ga Maris, gidansu suka turo yayanta, Yaya Halilu, ya ga abin da nake ci da shi. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce 'yan wasan nawa fuskokinsu kamar malmalar tuwo da aka danna da tafi, wai waɗanda ya gani a Gusau har gumi suke yi. Ya tambaye ni ko iyakar ƙarfin sana'ar ke nan. Wanda bai taɓa so ba ba zai san yadda wannan tambaya ke shiga ƙirji ba. Na buɗe saiti na mayar da komi sama. Ciyawa ta tsiro, 'yan kallo suka cika fili, kowane ɗan wasa inuwarsa ta miƙe bayansa, lambar kusurwa ta faɗo tara. Yaya Halilu bai gama cewa madalla ba Malam Jibrin ya yi sallama.

4. Ban musa cewa ya ga inuwa ba. Ko inuwar da ke cikin gilashi tana cikin wadda Malam Sirajo yake nufi, wannan na malamai ne, ni ɗalibi ne. Na dai roƙe shi ya bar ni in danna maɓalli ɗaya ta ɓace, ya ce ɓatar da shaida ke nan. Ya tare mai kabu-kabu, ya ɗora kwamfutar a cinya. Kafin ya tafi ya ga murfin jingine da bango, ya ce kayan hukuma ba ya tafiya tsirara, ya ɗaure mata shi da sukurori. Fankar ya bar mini ita, ya ce ba ta cikin laifin.

5. Nan ne ainihin kukana. An ce an ajiye ta har Malam Sirajo ya dawo daga ta'aziyya a Shinkafi. Da ajiye ta aka yi da ban rubuto ba. Kullum daga azahar zuwa la'asar tana kunne, Malam Jibrin na bincike. Duk mai wucewa zuwa kasuwa yana jin binciken ta taga, yana jin muryar mai sharhin wasan tana i'ina saboda nauyin da aka ɗora wa injin. Masu shayin gefen ofis sun ce ƙungiya ɗaya yake bincikawa kullum, kuma har yanzu ba ta ci wasa ba. Ya gaya musu kwamfutar ce lalatacciya, yana danna hagu sai bayan an wuce shi ɗan wasan ke juyawa. Gaskiya ya faɗa. A hoto tara ba mai cin wasa, ko ni. Hausawa sun ce inuwar giginya na nesa ka sha ta. Tawa ko na nesan ma bai ji daɗinta ba.

6. Ranka shi daɗe, bazara ta kama, ofishin rufin kwano ne, akwatin a rufe yake, katin ba shi da fanka, kuma an ɗora masa ciyawa da jama'a da inuwa duk lokaci guda. Jiya daga taga na hango wasu layuka shuɗɗa sun fara ratsa filin, mai tsaron gida kuma rabin jikinsa ya koma fari. Wannan alama ce ta katin da ke dahuwa. Na kuma ji ƙauri, ko da yake akwai mai tsire kusa, ba zan rantse ba. In katin nan ya ƙone, sai Kano, kuma ba ni da halin wani. Ba ni da gona mai sunana a Badarawa, ba ni da shanu. Wannan akwati shi ne amsar da zan ba mutanen Zurmi.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi:

(a) A mayar mini da kwamfutata, in kashe inuwar a gaban duk wanda kwamiti ya wakilta, in kuma yi alkawarin ko surukin sarki ne ya zo ba zan sake kunna ta ba.

(b) In hakan bai yiwu ba sai Malam Sirajo ya dawo, a dakatar da binciken, don na yi imani abin da ake nema an gan shi tun ranar farko.

(c) In binciken ya zama dole, a kwance murfin, a karɓi fankata. Inuwar a bar ta yadda take, amma a rage 'yan kallo da ciyawa, tunda su ba a tuhume su da komi ba. Wannan zai kai lambar kusurwa wajen sha takwas, jami'inku ma zai ga sauƙi.

A ƙarshe, ya wajaba in sanar da kwamiti cewa jibi Juma'a, bayan an sauko, baffan Naja'atu zai zo daga Zurmi da kansa tare da Yaya Halilu don ya ga shagon kafin su ba ni amsa. A shagon babu komi sai benci da fanka. Abokai sun ce in aro kwamfutar wani in ajiye, na ƙi, ba zan fara zama da mutane da ƙarya ba. Don haka jiya na faɗa wa Malam Jibrin da bakina, a gaban masu shayi, cewa nan ofishinku zan kawo su su ga sana'ata, tunda nan take aiki. Baffan dattijo ne, ina roƙon a tanadar masa kujera.

Allah shi taimaki shugaba, shi ba shi ikon yin adalci.

Naka mai biyayya,
Zakariyya Sufyanu Badarawa.